Sai da Yardar Doguwa

Dijatu ta riga ta ɗaure wa mahaifiyarta Tambara roba a damtse, tana laluben jijiya, sai tsohuwar ta janye hannunta ta dubi katanga.

"Kyauta," in ji ta, "hwaɗa ma waccan, jinin ga ba nawa ba na. Na Doguwa na. Ta tambayi mai abu."

Waccan ɗin ita ce Dijatu. 'Yar fari ce, Tambara kuwa irin matan dā ce masu riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta faɗin sunanta, ba ta kallon idonta, ko ruwa take so sai an bi ta bakin ƙanwarta Kyauta, wadda ta reni yarinyar a Filinge. Ga su su uku a tabarma ɗaya, gwiwa na gugar gwiwa, amma kowace magana sai ta yi zagaye kafin ta iso.

Dijatu ma'aikaciyar jinya ce a Filinge. Masu binciken sankara ne suka zo daga Yamai da wani shiri: macen da ke da ƙullutu a mama, a ɗebi jininta, a kai ta Yamai a tsinko ɗan nama a auna ba tare da ta biya komai ba, saura a adana don bincike. Yau motar shirin take komawa, kuma ba wanda ya san ranar dawowarta. Da ƙyar Dijatu ta lallashi Yazid direba ya ratso ƙauyen. Ƙullutun Tambara ya riga ya fashe. Dijatu ta gani, ta kuma san abin da ta gani, tsoro ya hana ta cin abinci tun ranar.

Ta fita ta nemi inda waya ke kamawa, ta kira shugaban shirin ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya ce doka ba ta da wuya: ba a ɗibar jini sai da yardar mai shi. In mai shi wata ce dabam, to a nemi waccan ɗin. Ya kashe waya, yana cikin taro.

Doguwa iskar gidan su Tambara ce tun kaka da kakanni, ba ta kuma hawa godiyarta, wato Tambara, sai ta ji takenta a gogen Gado. Aka aika gidan Gado, aka ce ya tafi Baleyara sayar da rago.

"A'uzu billahi," in ji Yazid, mutumin sahun gaba a masallaci. Ya leƙa akwatin ƙanƙara, inda jinin matan wasu ƙauyuka ke jere, ya ga ƙasan ya fara ruwa. Ya sosa gemu. "Shi Gadon nan ba ya da salula?"

Gado yana da ita, kuma goge ba ya barin kafaɗarsa ko jana'iza za shi. Sai dai a duk ƙauyen waya ba ta kamawa sai a kan wani suri bayan rumbun Ladi, maƙwabciyar da Tambara ba ta gaisawa da ita saboda wata tsohuwar rigimar akuya. Can aka kai tabarma. Da yake Yazid ya fi kowa tsawo, shi ya hau surin ya ɗaga waya sama, yana istigfari a hankali.

Da aka samu Gado, goge ya fara fitowa ta wayar, haɗe da kukan shanu da muryar wani dillali yana rantsuwa. Tambara ta soma rangaji, kafaɗa ɗaya ta ɗaga. Nan waya ta yanke. Tsohuwa ta tsaya cak da kafaɗar a sama.

"Ta iso ƙohwa," in ji Kyauta. "Ku yi maza, ba ta son jira."

Aka sake kira. Gado ya tambaya ina aka tsaya, Kyauta ta rera masa wurin, ya ɗora.

Sai ga Tambara, bayanta ya miƙe tsaf. Ta juyo ta zuba wa 'yarta ido, kai tsaye, ba ƙiftawa.

"Dijatu. Matso nan."

Dijatu ba ta yarda da bori ba, ta sha faɗa a gaban kowa. Amma ba ta taɓa jin sunanta daga wannan bakin ba, sai ta matsa.

"Ina za ku aje jinin godiyata?"

"Cikin firijo, ranki shi daɗe. Wanda ya hi ƙanƙara sanyi."

"Ita da ko damana sai ta rufa da bargo. Har yaushe?"

"Shekaru. Ba rana."

"Da na wa za shi kwana?"

"Da na kowa. Zabarmawa, Hillani, Buzaye. Ba a rubuta suna, lamba kawai."

"Madalla, maye ba ya kama lamba. Amma in Ladi ta ba da nata, kada a aje su wuri ɗaya."

Daga bayan rumbu aka ji tsaki. Doguwa ba ta kula ba. Ta rage murya yadda ko Yazid da ke saman suri ba zai ji ba.

"Godiyata ba ta iya tambayarki, ni ina iyawa. Za ta warke?"

Dijatu ta daɗe tana shirya ƙaryar da za ta aika wa mahaifiyarta ta bakin Kyauta. Ba ta shirya ko ɗaya domin Doguwa ba.

"An makara," ta ce. "Warkewa dai da wuya. Amma za a rage mata zafi, a wanke mata mikin, ta samu barci. In Allah ya so a ƙara kwanaki."

"To jinin da naman, mi za su yi mata cikin firijo?"

"Ita ba komi. Na baya za su amfana."

"Ɗiyanki?"

"Har da ɗiyan Ladi."

Gogen na ta kuka a sama, wani a Baleyara yana cewa albarka. Sannan Doguwa ta miƙo hannu.

"Ɗebi. Kuma kin rame. Godiyata ta gani tun kina sauka mota, ta rasa ta hwaɗi."

Dijatu ta soka allura, idonta cike da ruwa, jijiyar dai ba ta ɓace mata ba. Da aka zo dangwala yatsa a takarda Yazid ya tambaya daga sama ko yatsan wa za a sa, na iska ko na tsohuwa. Kyauta ta ce ya sauko ya bambanta.

Tambara ta yi atishawa, bayanta ya koma ya ranƙwafa. Ta dubi audugar da ke hannunta, ta nemi katanga ba ta samu ba, ta dubi rumbun Ladi.

"Kyauta, mi tac ce?"

Kyauta ta dubi Dijatu. Dijatu ta sunkuyar da kai tana liƙa lamba a kwalba.

"Ta yarda," in ji Kyauta.

"Shi ke nan abin da tac ce?"

"Shi ke nan."

Tsohuwa ta miƙe ta shiga ɗaki, ba ta jima ba ta fito da ƙunshin kaya. Yazid ya ɗaure akwatin ƙanƙara a mazauninsa can bayan mota, ya buɗe mata ƙofar gaba don girmamawa. Ta wuce ta shiga baya, ta matsa jikin taga, ta bar wuri a gefenta.

"Hwaɗa ma waccan ta zamna nan," ta ce wa Kyauta, tana kallon waje. "Ba don komi ba. Akwatin ga na son mai riƙo, hanya ba ta da kyau."

Yazid ya buɗe baki zai ce akwatin a ɗaure yake tamau, Kyauta ta take masa ƙafa. Dijatu ta zagaya ta kwance igiyar, ta ɗauko akwatin ta aza a cinya, ta zauna.