Kamu Uku

Ƙasusuwan mutum uku ne shimfiɗe a kan tebura, an jera su tsaf kamar shanya. Chanthou ta tsaya a bakin ƙofa.

Wani masunci da ya tsere daga jirgin kamun kifi ne ya nuna ramin da aka binne su, a wani tsibiri. Ya rantse ɗanta Pheakdey na cikin ukun, sai dai bai san wanne ba. Ruwan gishiri ya cinye abin da gwajin jini zai kama, saura awo kawai. Wanda ba a gane ba kuwa maƙabartar marasa suna za a kai shi, babu ƙonawa irin ta al'adarsu, babu addu'ar malaman haikali.

Likita Sreyneang ta ɗora ƙashin cinya a kan allon awo. "Inna, shigo. Da wannan nake gane tsawon mutum. Ɗanki yaya tsawonsa?"

"Kamu uku."

"Kin tabbata?"

"Ke 'yar nan, tun ba a haife ki ba nake ɗinki. Tela za ki koya wa awo? Kamu uku cif, da wannan hannun nawa."

Likitar ta auna hannun daga gwiwa zuwa yatsa, ta yi lissafi, ta sake duban teburan. "Babu gajere haka a nan. Yaushe kika auna shi?"

"Ranar da dillalin masu jiragen kifi ya zo tafiya da shi. Wando na yanka masa."

"Shekararsa nawa lokacin?"

Chanthou ta tuna a ranta. Sha biyu. Damina nawa ta wuce tun daga ranar? Duk shekarun nan, in ta hango yara suna koro baunar noma daga gonar shinkafa, a cikinsu take nemansa. Ko sau ɗaya bai taɓa faɗo mata a rai ba cewa yaro na girma ko uwarsa ba ta gani.

* * *

Likitar ta gwada wata hanya. Ya taɓa karyewa?

"A hannuna dai bai taɓa ba."

Ukun duk haƙarƙarinsu ya karye ya ɗore. Haƙora fa? Chanthou ta san ranar da ya yi famfara, ta san wanda ta jefa saman rufi. Waɗanda suka rage a bakin nan, baƙi ne a wurinta.

"Ki ba ni kowanne, 'yata. Wa zai sani?"

"Gobe wata uwar za ta zo, Inna. Me zan ba ta?"

Chanthou ba ta sake roƙo ba. Ta bi teburan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, tana duban dogayen ƙafafun, tana neman ko ɗan wani abu da zai ce mata ga ni. Babu.

"Duk sun fi ni tsawo?"

"Dukansu."

Chanthou ta gyaɗa kai, ta daɗe tana gyaɗawa.

"To. Ashe dai suna ba su abinci."

Likitar, wadda ta karanta yunwa a jikin kowane ƙashi, ta jawo mayafi ta lulluɓe na farko.