Wuƙar Takaba

Tun da aka kai Idirisu makwancinsa, Juwairiyya ba ta yi kuka ba. Zama kawai take a ɗakinta a Yalwawa, da 'yar wuƙa a hannu. Hajiya, uwar mijin, ita ta damƙa mata ranar da ta shiga takaba, wai mai takaba ba ta rabuwa da ƙarfe, kada mamaci ya riƙa zuwar mata. Juwairiyya malamar Islamiyya ce, ta san wannan ba addini ba ne. Ta karɓa dai.

Sai saƙo ya zo daga Buji: Innarta ta kwanta, ta daina cin abinci, sunanta kawai take kira.

"Ba inda za ki, 'yar nan," in ji Hajiya. "Shekarar shari'a ce fa. So kike a nuna gidanmu da yatsa?"

Juwairiyya ta aiki Muntaka, ƙanen mijinta, ya tambayo malamai. Ya dawo yana share gumi.

"Na farko ya ce larura ce, ki je da rana, ki dawo ki kwana ɗakinki."

"Wannan yaron?" in ji Hajiya. "Gemunsa ma bai gama fitowa ba."

"Na biyu ya ce sai ya duba. Na uku ya tafi taron ƙaddamar da shari'a."

Haka garin yake. Kowa shari'a a baki, amma ba mai yarda ya furta abin da ya sani sai ya leƙa fuskar na kusa da shi.

Washegari da hantsi ta buɗe Alƙur'ani, da wuƙar har yanzu a hannunta. Ta karanta ayar takaba. An ce a jira, ba a ambaci wuƙa ba. Ta buɗe gaba, ta tsaya inda aka ce mutum shaida ne a kan kansa, ko da ya jero uzurorinsa. Ba ta ji komai ba a ƙirjinta. Ta dai tuna ita da bakinta ta koya wa matan aure hukuncin fitar larura. Ashe ba hukunci take nema ba. So take wani ya faɗa, in an zo zagi a zage shi.

Ta ajiye wuƙar a kan tabarma, ta sa hijabi.

"Wa ya ba ki fatawa?" Hajiya ta tare ƙofa.

"Zan dawo kafin magariba, Hajiya."

Ta shiga bas ɗin Buji. Gonakin gero suna wucewa, tana kallo.

Ta tarar da Inna da sauran numfashi. Tsohuwar ta daɗe tana dubanta.

"Wa ya bar ki kika fito?"

"Ba kowa, Inna."

"Ina wuƙarki?"

"Tana gida."

Inna ta lalubo hannun Juwairiyya, ta ji ba komai a ciki. Ta riƙe shi.