Kiret ɗin Ƙwai da Injin Jirgina

Matata ta rasu ranar Talata, injin jirgina yana wargaje a kan teburin cin abinci. Wata biyu ke nan muna cin abinci a tsaye a kicin saboda shi.

Jirgin ƙarami ne, na kamun kifi, kodayake kifi bai taɓa sanin haka ba. Na saye shi da na yi ritaya daga ɗakin karatu, na kwance injin da hannuna, littafin gyaran inji a buɗe a gefe. A cikin injin akwai wasu 'yan ƙarafa goma sha biyu masu ɗaga bawul, makanikai suna ce musu tafet. Duk kamarsu ɗaya, amma kowanne ya saba da raminsa, dole a mayar da shi inda aka ciro shi. Ita ce ta jera su a kiret ɗin ƙwai, bi da bi. Ba ta rubuta komai ba. Ni mai rubutu, a lokacin ina yi mata bayanin tarihin injuna.

Rana ta biyu da rasuwar, gida ya cika da masu ta'aziyya, ƙanwarta ta nemi inda za ta sa ƙwai. Ta juye ƙarafan a kwanon sha, har ta wanke su da sabulu don ladabi.

Bayan wata uku na haɗa injin, kowane tafet na jefa shi ramin da ya fi kusa. Ya tashi bugu ɗaya, sai ya kama: ƙas-ƙas-ƙas, ɗan shiru, ƙas.

Ƙanwar tana bakin gaɓa ta kawo mini abinci. Ta dafe ƙirji.

"Yaya! Cokalinta!"

Matata takan ƙwanƙwasa cokali a bakin kofi duk lokacin da na yi tsawon magana. Sau uku, ta dakata ko zan hankalta, ta ƙara ɗaya. Shekara talatin da huɗu ban hankalta ba.

"Ƙarfe ne ke bugun ƙarfe," na ce. "Kuma aikinki ne."

"Ka ji ko? Kana buɗe baki ta fara."

Washegari ta zo da surukata, tsohuwa mai shekara tamanin da 'yan kai, da kujerar roba. Aka dasa kujerar a cikin jirgi, aka ce in tayar. Tsohuwar ta saurara ido a rufe, ta ce, "Ta rame." Daga nan kowace Asabar sai sun zo. Suna ba injin labarin wanda ya haihu da wanda ya yi rowa a suna, har da ƙarata suke kaiwa: ba na aski, ba na shan magani. Na karanta musu shafi huɗu a kan tazarar bawul. Injin ya yi ƙas-ƙas-ƙas, suka fashe da dariya.

Abin da ban gaya wa kowa ba: ran Laraba da hantsi, lokacin da babu kowa a gaɓa, nakan je in tayar da shi, wai don batir. In zauna in karanta masa littafi da ƙarfi. Yana katse ni daidai inda ya kamata.

Amma na riga na rantse a gabansu zan kawo ƙarshen wannan shirme, sai na kira makanike ran Asabar, suna nan. Kurma ake ce masa, don injuna sun cinye masa kunne. Yana sauraren inji da haƙori: ya ciji ƙotar doguwar sukundireba, ya ɗora bakinta a kan ƙarfe.

Ya cire ta daga baki ya tofar. "Wa ya haɗa wannan?"

"Ni," na yi ihu.

"Allah ya yafe masa. Malam, in ka bar shi haka, wata biyu zai cinye sandar da ke juya tafet ɗin. Sai ka yi tuƙi da littafin."

Ya ce gyaran sai inji yana aiki. Ya buɗe murfin sama, baƙin mai yana fallatsa mana. Yakan sassauta noti har tafet ya yi ƙara sosai, ya ɗaure a hankali har ya yi shiru, ya ƙara rubu'in juyi, ya wuce na gaba.

"Yaya, ka ji tsoron Allah," in ji ƙanwar. "Shaƙe ta yake yi!"

"Me ta ce?" in ji Kurma.

"Ta ce sannu da aiki."

Surukata ta riƙe leda a kanta don kada mai ya taɓa ɗankwali, tana ban kwana da injin, tana ba shi saƙon gaisuwa ga marigayi mijinta. Ni ina tsaye hannu a harɗe, ina ƙirga wa Kurma da murya mai ƙarfi, yadda mutumin da ya yi nasara yake yi. Bakwai. Takwas. A na tara bugu ukun nan ya koma biyu. A na sha ɗaya ya rage ɗaya tal, wanda ke zuwa bayan shirun.

Ƙas.

Kurma ya ɗora sufana a na ƙarshe. Na matsa, na taɓa kafaɗarsa. Ya ɗauka yabo ne, ya gyaɗa kai bai waiwayo ba, ya murɗa.

Injin ya koma gurnani mai laushi, irin wanda littafi ya yi alkawari. Su ukun suka juyo suna kallona, bakina a buɗe.

"Malam, ka yi magana?" in ji Kurma.

Na jira. Babu abin da ya katse ni.

"Madalla," na ce.

Kurma ya goge hannu a wandonsa. Matan suka naɗe ledarsu, aka ɗauki kujera. Abin da na buɗe baki in ce kalma huɗu ne kacal: bar mini wannan ɗin.