Shafi Arba'in da Shebur Ɗaya

Shekara uku cur Dustin Abeyta ya yi a jami'a yana karatun Sifaniyanci da al'adun masu harshen, kuma in ka tambaye shi dalili sai ya dafa ƙirji ya ce saboda kakansa ne. Gaskiya ce, sai dai ya iya yi mata kwalliya. A Denver aka haife shi, a gidan da ba a ɗauko Sifaniyanci sai ranar faɗa. Duk hutun da aka kai shi ƙauyensu na arewacin New Mexico, shi da kakan nasa Onesimo sai su zauna a baranda suna yi wa juna murmushi kamar surukai.

Yanzu kuwa baki ya buɗe, har ya wuce misali. A aji na uku ya rubuta shafi arba'in a kan tsohuwar hanyar ruwan ƙauyen, wadda kakannin kakanni suka haƙa daga kogi zuwa gonaki. Malamarsu ta ba shi maki mafi girma, ta rubuta a gefe cewa aikin ya taɓa mata zuciya. Shi dai Dustin bai taɓa sa ƙafa a cikin hanyar ba, amma ya ɗauke ta hoto daga kan gada, har kala shida.

A watan Afrilu sai ga wayar tsohon, wanda tunda yake bai taɓa kiransa ba. Ya faɗi a kan ƙanƙara cikin sanyin nan, ƙugu ya karye.

"Ran Asabar ake yashe hanyar ruwa," in ji Onesimo. "Kowane gida mutum ɗaya. Gidan da bai turo ba, Eufemia mai rabon ruwa ta sa wa ƙofar ruwansa kwaɗo, bana sai dai ya ga ruwa na wucewa. Shekara hamsin da takwas ban taɓa fashi ba. Barkonona kuma ba ya jin uzuri."

Dustin ya ji ƙwalla ta cika masa ido. Ya gyara murya ya yi wa tsohon jawabi na minti huɗu a kan gado da ƙasa da jinin kakanni.

"To," in ji tsohon. "Ka zo da safar hannu." Ya kashe wayar.

Bai zo da ita ba. A duk tsofaffin hotunan da ya gani a laburare babu mai safar hannu ko ɗaya, shi kuma ba zai zama wanda zai ɓata al'ada ba. Abin da ya zo da shi, malafa ce mai faɗin faifai da takalman fata saƙaƙƙu da ya saya a bikin al'adu na makaranta, sai ɗan littafi a aljihun baya.

Ƙarfe bakwai na safe ya tarar da mutum wajen talatin a bakin kogi, jingine da motocin a-kori-kura, kowa da takalmin roba har gwiwa da hular hana-salla, rabin hirarsu ma da Turanci. Kowa ya zuba wa malafar ido.

"Jama'a, fim za a yi ne ba a gaya mana ba?" in ji wani ƙato mai suna Benito Gurule, mai facin taya a bakin titi.

"Jikan Onesimo ne," wani ya ce. "Wanda ke karanta mu a jami'a."

"Ashe! Sannu da zuwa, Furofesa. Yaya, mun ci jarrabawar?"

Dustin ya yi dariya tare da su, don ya karanta cewa tsokana alamar karɓar baƙo ce. Daga nan ya nufi mai rabon ruwa, Eufemia Lovato, wata gajeriyar mace mai furfura da doguwar sanda a hannu. Ya cire malafa ya gaishe ta da irin gaisuwar da rabon a ji ta a ƙauyen tun zamanin keken doki. Sannan ya tambaya yaushe za a yi addu'ar buɗe aiki da waƙar da ake rerawa.

"Waƙa?" ta ce. "Benito na da rediyo a mota. Ɗauki shebur, ɗana, rana na yi."

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Ana jeruwa ne a cikin busasshiyar hanyar, Eufemia ta bi da sandarta tana shata wa kowa taku uku. Ka kwashe laka da ganye da saiwoyin da suka taru tun bara, ta dawo ta duba, in kowa ya gama ta ce "A yi gaba!" layi ya matsa. In mutum ɗaya bai gama ba, duk a tsaya a jira shi. Dustin ya san wannan tsari sarai, yana shafi na goma sha ɗaya.

Abin da babu a ko wane shafi shi ne inda ake zuba lakar. Ya duba dama, ya duba hagu, ya ga ɓangaren tudu ya fi kusa da hannunsa, ya hau watsawa can da iya ƙarfinsa. Shi ya fara gamawa, ya tsaya yana haki yana jiran yabo.

Eufemia ta zo ta tsaya. Ta dubi tulin, ta dube shi.

"Wa ka ajiye wa wannan?"

"Na... na fitar da ita ne, Senyora."

"Ka ɗora ta a tudu, ruwan sama na farko ya dawo mana da ita ciki. A gangare ake zubawa, gaɓa ta yi ƙarfi. Kwaso ta."

Mutum ashirin da tara suka dogara a kan shebur suna kallon Furofesa yana kwashe lakarsa daga dama yana mayarwa hagu. Benito har ya buɗe fulas ya tsiyaya kofi.

Kafin ƙarfe goma takalmin al'ada ɗaya ya maƙale a taɓo, sai da hannu ya zaro shi. Kafin sha biyu tafukan hannunsa sun yi bororo sun fashe. Da aka zauna cin abinci, aka miƙo masa tortiya, irin gurasarsu, naɗe da wake da jan barkono, riƙe ta ya yi da bayan yatsu kamar mai lalle. Ya ji tsoro na gaske a karon farko, don da ya tambaya aka ce masa ko rabin hanya ba a kai ba.

Na kusa da shi a layi wani tsoho ne siriri mai suna Tranquilino Maestas, abokin kakansa, wanda tun safe bai ce uffan ba. Bayan an koma aiki, Dustin ya lura tsohon yana gama nasa takun sai ya zarce cikin na Dustin, taku ɗaya, can kuma taku biyu, ba tare da ya ɗaga kai ba.

Da wani ɗan kirki ne, da kunya ta kama shi. Dustin kuwa tsigar jikinsa ce ta tashi. Ai ga shi nan! Ga abin da ya rubuta a babi na uku yana faruwa a gaban idonsa! Tsoro ya kama shi kada abin ya kuɓuce masa, ya jingine shebur, ya haye gaɓa, ya zaro littafi ya duƙufa.

Bai ji zuwan Eufemia ba sai da inuwarta ta rufe takardar.

"Me kake rubutawa?"

Da ya yi shiru da ya fi masa. Amma jimlar ta yi masa daɗi ƙwarai, sai ya karanto ta da ƙarfi: "A nan ba a barin kowa da kayansa shi kaɗai. Mai ƙarfi yakan tallafi mai rauni ba tare da an roƙe shi ba."

"Mai ƙarfin nan dai," in ji Benito, "shekararsa saba'in da tara, kuma ƙoda ɗaya gare shi."

Dariya ta tashi, amma ba ta daɗe ba, don Eufemia ba ta yi ba.

"Tranquilino, fito daga nan. Gida nawa kake wa aiki?" Tsohon ya fito yana share goshi. Ta juya ga sauran. "Ku shaida. Gidan Abeyta bai turo kowa ba yau. Magatakarda ya turo."

Sai a lokacin Dustin ya ga gonar a zuciyarsa, kunyoyi a bushe, da tsohon zaune a baranda yana jin ƙarar ruwa yana wucewa zuwa gonar maƙwabta. Ya buɗe baki. Duk manyan kalmomin shekara uku suka gudu suka bar shi.

"Don Allah, Senyora," ya ce. "Laifina ne. Ba nasa ba."

Ta daɗe tana kallon hannayensa.

"Akwai reshen da ya tashi daga babbar bishiya zuwa ƙofar kakanka. Taku sittin ne. Da tare za mu yi shi da yamma. Je ka yi shi kai kaɗai. Gobe ƙarfe bakwai zan sako ruwa. In ya wuce, na buɗe. In ya tsaya, kwaɗo na nan. Wanda kuma na gani ya je taya shi, shi ma ya sayi kwaɗo."

Labari ya riga shi isa gida. Bai yi taku biyar ba sai ga Onesimo yana tafe da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu, yana jan kujerar roba a bayansa, taku ɗaya hutu ɗaya. Dustin ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa. Ya ma shirya jawabin neman gafara.

"An ce ka yi wa Tranquilino waƙa," in ji tsohon yana zama da ƙyar.

"Kaka, ni dai..."

"Da baya kake haƙa, shi ya sa. Da ƙafa ake yi. Taka shebur ɗin. A'a, ba kamar mai kashe kyankyaso ba, ɗora nauyinka. Yauwa. Juya ƙugu, kada ka ɗaga. Zo nan tukuna."

Ya cire safar ƙafarsa mai kauri, ya naɗe wa jikan hannaye da ita. Tana wari, Dustin kuma bai taɓa jin daɗin kyauta irin wannan ba.

Haka suka yi ta yi, kujera na matsawa, shebur na matsawa. "Ƙasa kaɗan. Ka bar tudu a tsakiya, ruwa ba akuya ba ne da zai hau. Wannan saiwar bar ta, ita ke riƙe gaɓa." Tsakanin umarni da umarni sai tsohon ya riƙa sako wasu abubuwa. A nan uban Dustin ya faɗa ruwa yana ɗan shekara huɗu, aka tsamo shi da manjagara. A can kakar Dustin ta taɓa jifan wani mai rabon ruwa da tuffa saboda ya rage mata awa guda. Irin barkonon ma na uwar Onesimo ne, a cikin tsumma ta ba shi. Sau biyu hannun Dustin ya nufi aljihun baya, sau biyu ya tarar yatsun ba za su iya riƙe biro ba, dole ya haƙura ya saurara kawai.

Rana na gab da faɗuwa ya kai ƙofar katakon da kwaɗo ke rataye a jiki. Bai yi murna ba. Kwanciya ya yi a kan gaɓa yana kallon sama, ya ji ko'ina a jikinsa yana zaginsa.

Washegari da safe rabin ƙauyen ya hallara, har da waɗanda ya kamata a ce suna coci. Ba don ƙauna ba, kowa na son ya ga yadda za ta kaya. Eufemia na tsaye da makulli. Can sai ga ruwan, jajir da laka, yana turo busassun ganye a gabansa, yana tafiya a hankali kamar mai duba aiki. Ya shiga reshen. Taku goma, taku ashirin. Wajen taku na arba'in ya tsaya, ya fara taruwa yana kumbura.

"Yana karanta rubutun Furofesa ne," in ji Benito. Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai so a yi ba.

Dustin ya tuna wurin, a nan ne ya gaji ya ce ai ya isa haka. Ruwan ya taru, ya taru, har ya kusa leƙa gaɓa. Sannan wani ɗan siririn harshe ya lallaɓa ta gefen hagu, ya ci lakar, sauran suka biyo shi.

Eufemia ta sunkuya ta buɗe kwaɗon, ta ɗaga katakon. Ruwa ya shiga kunyar farko.

"Aikin banza," ta ce wa Dustin. "Amma ya wuce."

Onesimo bai dubi jikansa ba. Ruwan yake kallo yana bin kunyoyi, hannayensa biyu a kan sandar ƙarfen. Da ya yi magana, da Eufemia ya yi, a hankali, da Sifaniyancin ƙauye mai cinye ƙarshen kalmomi.

"Baɗi in za ki kira gidan Abeyta, sunan yaron nan za ki kira. Likita ya gaya min tun watan jiya. Ni na gama shiga hanyar ruwan nan."

Dustin ya ji kowace kalma, tas, babu wadda ta wuce shi. Ya tsaya da hannayensa naɗe cikin safar tsohon, yana fatan da bai iya harshen ba.