Mai Gogaggiyar Riga

Layin masu karɓar abincin yamma ya kai har bakin ƙofa, Inna Mai Makulli kuwa tana tsaye a gefen tebur tana kallon hannuwan da ake miƙo kwano da su. Ita dama ba ta cika kallon fuska ba. Hannuwan duk irin waɗanda ta saba gani ne, masu kaushi, masu faso, masu baƙin farce. Sai ga wani hannu ya miƙo kwano, farce a yanke tsaf, hannun rigar kuma da layin guga a miƙe. Ta ɗaga kai ta dube shi. Mai gado na sha ɗaya ne, wanda sauran ke tsokana da Darakta.

"Sannu da aiki, Inna," ya ce, ya karɓi shinkafarsa ya koma can gefe.

Ta amsa a ciki-ciki. Sati uku ke nan da zuwansa, kuma sati uku ke nan ranta bai kwanta da shi ba.

Gidan tsohon sito ne da ke tsakanin masallaci da coci. Jama'ar wuraren biyu suka haɗa hannu suka gyara rufinsa, suka jera gadaje ashirin da huɗu don waɗanda ba su da wurin kwana. Liman da Fasto ke jagorantar kwamiti, amma kowa ya san mai gidan ta gaskiya ita ce wannan tsohuwar ma'aikaciyar asibiti da ke yawo da makullai rataye a wuya. Shekara shida tana wannan aiki ba ko sisi, kuma ba ta taɓa fashi ba. Sai dai bara an yi mata abin da har yau ba ta huce ba. Wani ya zo da ƙafa a naɗe yana ɗingishi, ta ba shi gado, har magani take sayo masa. Bayan wata biyu ya ɓace da katifu uku da fanka, aka gano ashe yana da shago a kasuwa, ƙafar kuma lafiyarta ƙalau. Matan kwamiti suka yi ta yi mata jaje suna danne dariya. Tun ranar ta sha alwashin ba wanda zai sake mayar da ita sakarya.

Da layi ya ƙare ta matsa kusa da mai girki, wadda ke kankare tukunya.

"Ke, muna da dutsen guga a gidan nan?"

"Yaya, wutar ma ai sai ta ga dama take zuwa."

"To a ina ake goge masa riga? Kullum sabuwar guga. Jiya shuɗiya, yau fara, gobe shuɗiya."

Mai girki ta yi dariya. "Ke dai Yaya sai mutum ya yi wari kafin ki yarda yana cikin wahala. Tsafta kuma ta zama laifi?"

"Ki yi ta dariya. Haka kika yi ta ba mai ƙafa ƙarin nama."

Mai girki ta koma kan tukunyarta. Inna ta leƙa waje. A ƙarƙashin rumfar shagon da ke tsallaken titi, wani tsohon ɗan dako yana zaune a kan kwali yana tari. Kullum da yamma sai ya tsallako ya tambaye ta ko an samu gado, kullum sai ta ce ya ƙara haƙuri. Ga damina ta kankama. In har akwai mai gida da ke kwance a gado na sha ɗaya, to haƙƙin wancan tsoho yake ci, kuma da hannunta ta ba shi.

Ta je ta tsaya a kan Darakta yana cin abinci.

"Malam, ka ce an rushe gidan da kake haya?"

"Haka ne. An sayar, aka rushe."

"Ba ka da kowa ne?"

"Akwai. Allah Ya yi musu albarka."

"Wa ke yi maka guga?"

Ya ajiye cokali. "Akwai mai taimaka mini."

Ta yi masa kallon sama da ƙasa ta wuce, zuciyarta na faɗa mata ta kama bakin zaren.

* * *

Washegari da sassafe, da ya fita, ta bar wa mai girki makullai ta bi bayansa. Ita kanta ta ji kunya, mace mai jikoki tana raɓewa bayan motoci, amma ta daure. Ya yi tafiya mai nisa a ƙafa, ya wuce kasuwa, ya wuce tasha, har ya shiga unguwar da gidajenta ke da dogayen katangu da furanni a waje. Ya tsaya a wani baƙin get. Mai gadi ya buɗe masa da fara'a, har da miƙa masa hannu biyu.

Ta laɓe a bayan wata bishiya, gwiwoyinta na ciwo. Ba a jima ba ya fito. Farar rigar da ya shiga da ita ta zama shuɗiya, guga sai sheƙi take. Yara uku cikin kayan makaranta suna riƙe da shi, ƙaramar tana cewa, "Kaka, yau ni zan riƙe dama." Yana dariya, dariyar da ba ta taɓa ji ya yi a sito ba.

Ta zaro waya ta ɗauke su hoto, da get ɗin, da benen da ke bayansa. Haushi take ji, amma a ƙarƙashin haushin akwai daɗi, daɗin wanda aka ce ya cika zargi kuma maganarsa ta fito.

* * *

Da la'asar aka kira shi ɗan ofishin da ke bayan sito. Liman da Fasto suna zaune, Inna tana tsaye. Dokar kwamiti tun bayan abin da ya faru bara ita ce, duk wanda aka ga alamar yana da dangi masu hali, sai an je an gana da su kafin ya ci gaba da kwana.

Fasto ya miƙa masa wayar. "Malam, ka yi haƙuri. Gidan wa ne wannan?"

Ya daɗe yana kallon hoton. "'Yata ce a ciki."

"Ta san a nan kake kwana?" in ji Liman.

Bai ɗaga ido daga wayar ba.

"Ba tozarta ka muke so mu yi ba," Liman ya ce a hankali. "Mu je mu gan ta, mu ji daga bakinta. In akwai saɓani a gyara. In babu hali, gadonka yana nan."

"Don Allah ku bar ta daga cikin wannan magana."

"Ai ba a bar ta ba," Inna ta ce. "Akwai mai tari a tsallaken titi, ruwa na dukansa. Shi ba shi da 'ya a gidan bene."

Ya juyo ya dube ta. Ta yi zaton zai yi musu, ko ya yi rantsuwa kamar yadda mai ƙafa ya yi ta yi. Sai kawai ya ajiye wayar a kan tebur.

"Gaskiyarki. A ba shi gadon."

Liman ya so ya tsayar da shi, ya ce a sake zama, amma ya riga ya miƙe. Ya cire zanen gado ya ninke, ya wanke kwanonsa ya kife, ya ɗauki jakarsa ya yi wa kowa sallama. Inna ta ɗauki wannan a matsayin amsa laifi. Kafin magariba ta tsallaka titi da kanta ta kamo hannun ɗan dako ta kawo shi gado na sha ɗaya. Ranar ta koma gida da sauƙin zuciya.

* * *

Kwana shida bayan haka, tana shanya zannuwan gado a tsakar gida, wata mata ta yi sallama. Siririya ce, da goyo, da babbar leda a hannu. Inna ta kalli hannun kamar yadda ta saba. Sabulu ya cinye fatar yatsun, ga tabon ƙuna biyu a wuyan hannu.

"Inna, wurin shugabar gidan na zo. A kan maganar Babana ne. Ma'aikacinku ne, shi ke kula da masu kwana. Dogo, mai furfura, yakan sa farar riga ko shuɗiya."

Inna ta ji makullan wuyanta sun yi nauyi. "Me ya faru?"

"Roƙo na zo yi, kada ki faɗa masa na zo, zai yi faɗa. Ɗakin da kuka ba shi a baya, ina jin rufin yana yoyo. Kwanan nan duk rigar da ya kawo mini a jiƙe take, tana warin hayaƙin mota. Ga tari ya fara. Na tambaye shi ya ce ba komai."

"Ke ce kike yi masa guga?"

"Ni ce. Ai aikina ke nan a gidan da nake, wanki da guga. Nakan saka nasa a ƙarshe in na gama na masu gida." Ta gyara goyonta. "Da da hali da tuni yana wurina. Ɗaki ɗaya suka ba mu a bayan gida, ni da yara huɗu, babansu ya rasu. Uwar gida ta ce ranar da baƙo ya kwana, ranar zan tattara. Lokacin da aka rushe musu gida na ce zan bar aikin mu nemi wuri tare, ko ina ne. Sai ya zo ya ce in kwantar da hankalina, ya samu aiki a nan har da ɗaki. Wallahi Inna ranar na yi barci. Allah Ya saka muku."

Mai girki, da ke tsaye a ƙofar kicin, ta juya ta koma ciki.

Matar ta buɗe ledar ta fito da bargo mai kauri, an ɗinke gefensa da zare. "Uwar gida ce ta yar, na gyara. Na ba shi ya ƙi karɓa, wai yana da biyu a ɗakinsa, in kawo nan. Ga shi, a ba wanda ya fi buƙata."

Inna ta karɓa. Idan ta faɗi gaskiya, matar nan yau za ta bar aikinta, yara huɗu su bi kakansu titi. Abin da ya ba da gadonsa don ya hana ke nan.

"Za a duba rufin," ta ce. Muryarta ta fito kamar ta wata.

* * *

Ta sami Liman a ƙofar masallaci ta faɗa masa komai a tsaye. Ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce zai kira Fasto su nemi ko katifa ce, amma ta san kamar yadda ya sani, sito ba shi da wurin da za a ƙara ko tabarma, kuma tarin ɗan dako sai yanzu ya fara sauƙi. "Wa za mu tasa, Inna?" ya ce.

Warin hayaƙin mota ya nuna mata inda za ta nufa. Ta isa tasha ana yayyafi, gari ya fara duhu. A ƙarshen rumfar fasinjoji, inda motocin da suka lalace ke fakewa, mutane biyar ko shida sun shimfiɗa kwalaye. Darakta yana zaune a kan benci, jakarsa a cinya. Da ya gan ta ya yi ƙoƙarin miƙewa.

"Zauna, Malam." Ta tsaya a gabansa, ta rasa ta inda za ta fara. "'Yarka ta zo."

Fuskarsa ta canza. "Kin faɗa mata?"

"Ban faɗa ba."

Ya sauke numfashi, ya jingina da ƙarfen rumfa. "To alhamdulillahi."

"Na zalunce ka. Na ga get na yanke hukunci. Ka yafe mini don Allah."

"Ai ba ƙarya kika yi ba, 'yata tana ciki." Ya yi tari, ya jira ya lafa. "Wanda aka ba gadon fa, ya jikinsa?"

"Da sauƙi. Kai ne na farko da zarar an samu wuri. Na yi maka alkawari."

"Allah Ya kai mu."

Bai ce da ita komai na ɓacin rai ba, kuma wannan ya fi yi mata ciwo. Da ya zage ta da ta samu abin riƙewa. Ta buɗe ledar ta miƙa masa bargon. Ya taɓa gefen, ya bi ɗinkin da yatsa, ta ga ya gane hannun da ya yi shi.

"Ta ce a ba wanda ya fi buƙata," in ji Inna.

Ya dubi na kwance a damansa, ya dubi na hagunsa, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya karɓa.

"Sai na lallaɓa shi," ya ce. "Wannan in ya yi datti ba ni da inda zan kai a wanke."

Ruwa ya ƙaru, yana gangarowa ta ƙarƙashin bencin. Ya yafa bargon a kafaɗa, ya tattare gefunansa ya riƙe a cinya da hannu biyu don kada su taɓa ƙasa.