Makarantar Magana ta Badariya

Shekarar da Nuriyya ta cika huɗu, mutanen unguwarsu a Argungu sun gama yanke hukunci cewa bebiya ce. Uwarta Rauda kaɗai ta ƙi yarda. Yarinyar tana ji sarai, in babanta Munzali ya dawo daga kamun kifi, tun bai yi sallama ba ta gane takunsa. Magana ce dai ta ƙi fita. Abin da take so sai ta ja zanin uwar ta nuna, in ba a gane ba ta faɗi ƙasa ta yi ta birgima.

Goggo, surukar Rauda, ta sa an sha rubutu, an yi turare, daga baya ta kira wanzami. Da ya ce linzami ne a ƙarƙashin harshe, sai an yanke, Rauda ta goya 'yarta ta ce za ta Birnin Kebbi gaida yayarta. Asibiti ta nufa. Likita ya duba kunne, ya duba baki, ya ce babu abin yankewa. Tana fitowa wata ma'aikaciyar jinya ta biyo ta.

"Ki je unguwar Badariya nan cikin gari ki tambayi gidan Malama Paulina. Ranar Asabar takan tara yara irin taki."

Paulina 'yar Pankshin ce, malamar firamare, aiki ya kawo mijinta Simeon Kebbi. Ɗanta na fari ya yi fama da in'ina, shi ya sa ta koma Jos ta karanci yadda ake taimakon yaran da magana ke ba wuya. A lokacin, wato 2014, abin da ta mallaka tabarma biyu ne a gindin dalbejiya, da madubi, da yara biyar.

Ranar da Rauda ta kai Nuriyya, Paulina ba ta ce wa yarinyar ta faɗi komai ba. Ta kaɗa sabulu a kwano, ta busa kumfa, ta miƙa mata tsinke ita ma ta busa. Rauda ta yi ta kallo har ranta ya soma ɓaci.

"Malama, ni fa ba wasa na kawo ta ba."

"Maman Nuriyya, leɓen da bai iya busa ba, ba ya iya cewa *baba*. Kuma ke za ki yi aikin, ba ni ba. Ni sau ɗaya nake ganinta a mako."

Ta koya mata ta riƙa tsugunawa daidai fuskar yarinyar, ta faɗi sunan abu a hankali, sannan ta yi shiru ta jira. Jiran nan shi ya fi wa Rauda wuya. Duk Asabar sai ta shiga mota daga Argungu, Goggo na bin ta da harara tana cewa, "Mi wagga mata ta sani da wanzami bai sani ba?"

Damina ta faɗi, gindin dalbejiya ya zama taɓo. Wata Asabar ruwa ya kore su, iyaye da yara suka fake a zauren maƙwabci, Malam Izzuddeen, mai karantar da Alƙur'ani. Paulina ta ci gaba da aikinta a nan, tana nuna wa wani yaro a madubi inda harshe ke taɓa dasashi. Malam ya daɗe tsaye yana kallo.

"Ai wanga shi muka yi a tajwidi," ya ce. "Kowane harafi da mafitarshi. Malama, zauren ga ba kowa cikinai ran Asabar. Ku riƙa zama."

Daga ranar mutanen Badariya suka sa wa wurin suna Makarantar Magana. Iyayen da a da ke jin nauyin shiga gidan Paulina suka fara zuwa.

Wata bakwai Nuriyya ba ta ce uffan ba, sai 'yan sautuka. Rauda ta fara tunanin ko ta haƙura. Wata rana da hantsi Munzali ya shigo da kamun da ya yi, ya zube a tasa tsakar gida. Goggo na gefe tana tsinkar zogale. Wata tarwaɗa ta yi tsalle ta faɗo ƙasa, Nuriyya ta ja da baya, ta nuna ta.

"Kihi!"

Rauda ta tsuguna, ta danne bakinta ta jira yadda aka koya mata. Yarinyar ta dubi kakarta ta sake cewa, "Kihi."

Goggo ta saki faifan zogalen. Kafin azahar babu gidan da ba ta shiga ba a layin. Asabar ta gaba ita ta riga Rauda shiri, ta ɗaure busasshen kifi a leda ta ce na Malama ne.

Sannu a hankali mata suka fara sallama gidan Rauda da 'ya'yansu, mai in'ina, mai cinye rabin kalma, wanda bai taɓa magana ba. Ta riƙa kwasarsu tana kaiwa Badariya, har wata rana Paulina ta ce, "Mota ɗaya ba za ta ɗauke Argungu ba. Zauna ki koya." Rauda, wadda karatunta ya tsaya a aji uku na sakandare, ta shekara biyu tana zama kusa da ita, sannan ta shimfiɗa tata tabarmar a Argungu kowace Laraba.

Ba kowane yaro ya yi magana ba. Akwai Atiku daga Ambursa, wanda aka gano kurma ne. Shi da mahaifiyarsa suka koyi maganar hannu, kuma ranar da ya fara yi mata gardama da yatsu sai da ta yi kuka don daɗi. Akwai waɗanda iyayensu suka gaji suka daina zuwa, Rauda tana tuna sunayensu har yau.

A 2019 iyayen yara suka haɗa hannu, wani ya kawo bulo, wani kwanon rufi, aka gina ɗaki biyu a filin da Malam Izzuddeen ya bayar. Bayan shekara huɗu Simeon ya yi ritaya, Paulina ta shirya komawa gida. 'Yarta Shekinah, wadda ta karanci aikin a jami'a, ta zauna. Amma makullin Rauda aka miƙa wa.

"Malama, ni da ba ni da takarda?"

"Shekinah na da takarda. Ke iyaye suke ji."

Safiyar farko da ta buɗe ƙofa ita kaɗai, ta tarar da wani magidanci a kan babur, da ɗansa a gaba. Ya ce sunansa Sunusi, manomin shinkafa ne. Ya yi bayanin yaron da ƙyar, kalmomi na maƙale masa, gumi na tsattsafo masa a goshi. Rauda ba ta ƙarasa masa ko ɗaya ba. Da ta rubuta sunan yaron, mutumin ya tsaya yana murza hularsa.

"Hajiya, ba... ba... ba ku ɗaukar manya?"

Rauda ta yi ɗan tunani. Ba su taɓa yi ba.

"Malam Sunusi, shigo ka zauna kusa da ɗanka," ta ce. "Sai ku fara tare."