Ƙamshin Masarar Pauwa

Hamida na ninke babbar rigar Baba Gide kafin a shiga da shi ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, sai ga fararen ƙwayoyi sun zubo daga aljihu. Maganin farfaɗiyarsa ne. 

"Baba! Ashe ba ka sha?"

Tsohon ya kau da kai kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Tun da ƙari ya fito masa a ƙwaƙwalwa yake faɗuwa. Likita kuwa ta ja musu kunne: in ciwon ya tashi yana cikin na'ura, hoto ya lalace, aikin tiyata ya ja baya, ƙarin kuma ba jira yake ba.

"Kafin ciwon ya kayar da ni," ya ce a hankali, "ƙamshin gasasshiyar masara nake ji. Sai in gan ni a gonarmu ta Pauwa, damina ta yi kyau, ga innarki a gindin ɗorawa tana fifita wuta. Rannan har ta ɗago kai, saura ƙiris ta yi magana. In na sha ƙwayar nan, ba ta zuwa."

Kai, tausayi ya kama Hamida. Inna ta daɗe da rasuwa, gonar ma tun da suka yi gudun hijira zuwa Ƙanƙara ba wanda ya leƙa ta.

"Ita tana inda ba ta ciwo, Baba. Ni fa, wa za ka bar wa?"

Da likita ta ji, ta ce sai dai a ɗura masa maganin ta jijiya, in ya yarda. Ya daɗe yana kallon 'yarsa, sannan ya miƙa hannu.

Cikin na'urar, ƙara ta yi ta bugawa kamar ana daka a maƙwabta. Ya lumshe ido, ya buɗe hanci, ya jira. Ƙamshin bai zo ba. Babu ɗorawa, babu hayaƙi.

"Masha Allah, hoto ya fito tas!" in ji likita.

A bakin ƙofar asibiti ya tsaya cak, fuskarsa ta yi haske. Ya damƙi hannun Hamida.

"Kina jin ƙamshin nan?"

Ta waiga. Wata mata ce ke juya masara a kan garwashi.

"Ina ji, Baba."

Ya sassauta riƙon.

"To, ba innarki ba ce. Mu je."